Ranar da Ɗanbaba Ya Juya Kyamara

A gida Ɗanbaba ake kiransa, domin sunan kakansa aka sa masa. A takardun makaranta Zainulabidin Dalhatu ne, a wurin aiki kuwa mutanen Legas sun gutsure sunan sun bar masa Zain. A Sabo, unguwar Hausawa, aka haife shi, a nan Ibadan ya yi karatu tun daga firamare har ya gama foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha. Yarbanci a bakinsa sai ka rantse Bayaraben unguwar Mokola ne, Turanci kuma ba ya masa gardama. Wannan ne ma ya sa wani kamfanin Legas mai sayen kayan gwari ya ɗauke shi aiki, aka ba shi ɗan ofis a saman wani bene a bakin titin Sabo, shi da wata yarinya Raliya mai kula da zirga-zirgar motoci. Aikinsa shi ne ya san abin da ya sauka a kasuwar Shasha, albasa da tumatir da tattasai da attaruhu, ya daidaita da dillalai, ya sa a loda a kai Legas, inda kamfanin ke rarraba wa otal-otal da manyan kantuna.

Da farko ta wayar hannu suke taro da babban ofis, murya na yankewa, kowa na cewa a maimaita. Da abin ya ishi shugabar sashensu, Madam Bisola, sai ta sa aka aiko musu da kaya. Aka kafa babbar talabijin a bango, aka ɗora kyamara a kanta, aka ajiye wata wayar tebur mai faffaɗan gilashi a gaban kujerar Ɗanbaba. Wannan wayar ita ke juya komai. Ta nan ake shiga taro, ta nan ake kashe murya ko a buɗe ta, ta nan ake ƙara sauti, ta nan kuma ake sarrafa kyamarar, a karkata ta dama ko hagu, a jawo hoto kusa ko a tura shi nesa. In an ƙyale ta, da kanta take nemo duk wanda ke cikin ɗakin ta haɗa su a hoto ɗaya. Wanda ya zo haɗa kayan ya nuna masa a gurguje ya kama hanya. Ɗanbaba ya zauna da abarsa yana taɓe-taɓe har ya ƙware, ya kai ga yatsansa na yawo a kan gilashin ba tare da ya duba ba.

Abin ya shiga ransa ƙwarai, har gida ya kai labarin. Wata ranar Lahadi suna cin abincin rana da mahaifinsa a zaure, ya yi ta kwatanta masa yadda yake zaune a Sabo yana ganin mutanen Legas suna ganinsa, har da wanda ke can ƙarshen tebur yana shan shayi.

Mahaifin nasa, Malam Dalhatu, daga wani ƙauye na ƙasar Kura ya zo Ibadan tun yana saurayi. Dako ya fara yi a kasuwa, shi ya sa har yau kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. A hankali ya samu 'yar rumfarsa ta albasa a Shasha, ba babba ba, amma da ita ya ciyar da gida ya kuma sa 'ya'yansa makaranta. Haƙoransa sun yi ja da goro. Yana jin Yarbancin kasuwa, yana jin buroka, boko dai ne bai yi ba. Ya saurari ɗansa yana gyaɗa kai, ya tambaya ko a lokaci ɗaya ake gani ake ji, ko sai an jira kamar saƙon murya. Da aka ce masa nan take ne, ya yi salati, ya ce wata rana sai ya zo ya gane wa idonsa. Ɗanbaba ya ce ya zo duk ran da ya ga dama, kamar dai yadda mutum kan faɗa ya manta.

Akwai wani abu da bai taɓa kawowa gida ba. A ofishin Legas akwai wani saurayi Dayo, mai ban dariya ne, ba ya barin taro ya yi sanyi. Kafin Madam ta shigo yakan kwaikwayi yadda 'yan kasuwar Shasha ke magana a waya, ya karya harshe ya yi buroka irin ta 'yan Arewa, ya jinjina hannu yana "oga, oga", ɗakin ya ɗauki dariya. Ɗanbaba ma yakan yi dariyar. Wani lokaci har yakan ƙara masa da wata kalmar. Ya gaya wa kansa wasa ne, kuma ai su da kansu sukan ce shi daban ne, ba ya kama da sauran. Da aka tambaye shi sana'ar mahaifinsa lokacin ɗaukar aiki, cewa ya yi harkar amfanin gona yake yi, ya bar su suka ƙiyasta abin da suka ga dama.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, kuma ba taron yau da kullum ba ne. Kamfanin na neman kwangila da wasu masu otal, Madam ta gayyato wakilansu, ta ce Zain ne zai yi musu bayanin yadda kaya ke tasowa daga Arewa har su isa kicin ɗinsu ba su lalace ba. Ya sa kwat duk da zafin da ake yi. Ya zo da wuri ya gwada sauti, ya gyara labule saboda haske, ya sa Raliya ta kwashe kwalayen da ke bayansu.

An fara lafiya. Yana tsakiyar bayanin yadda suke zaɓen albasar da ta bushe sosai sai ya ji takun mutum a matakala, a hankali, ana hutawa. Aka yi sallama a bakin ƙofa. Tun kafin ya juya ya gane muryar.

Malam Dalhatu ne, cikin shaddarsa mai ruwan sararin samaniya wadda ya yi Sallah da ita, ta sha sitaci da guga, da hular da ba ya sawa sai Juma'a. Ya fesa turare, amma warin albasa da ya kama fatarsa tun shekaru yana nan a ƙarƙashi. A hannunsa akwai baƙar leda da lemo a ciki. Ruwan da aka yi ya hana motoci isowa, kasuwa ta yi sanyi, shi ne ya ga bari ya koma gida ya shirya ya zo ya ga abin nan.

Raliya ta miƙe da sauri, ta rusuna ta gaishe shi ƙasa-ƙasa, ta karɓi ledar, ta jawo masa kujera a ƙarshen tebur. Yana zama kyamarar ta yi aikinta. Hoton ya buɗe da kansa ya ɗauko shi. A kusurwar talabijin, inda suke ganin kansu, sai ga mutum uku maimakon biyu.

Tsohon ya ga kansa. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Ya gyara zaman hularsa, ya ga na cikin talabijin ma ya gyara, sannan ya dubi mutanen da ke jere a dogon tebur a Legas, ya ɗaga hannu biyu ya ɗan rusuna a zaune, ya yi musu barka da rana da Yarbanci.

"Ekasan ma, ekasan sa. Sannunku da aiki."

Wasu daga cikin baƙin suka amsa da murmushi. Idon Ɗanbaba kuwa a kan Dayo ya sauka, ya ga ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ko dariya yake, ko tari, Ɗanbaba bai tsaya tantancewa ba. Madam Bisola ta matso kusa da nata makirfon, cikin fara'a ta tambayi Zain wane ne baƙon nasu.

Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Bakinsa ne ya riga shi.

"Ɗaya daga cikin masu kawo mana albasa ne. Wucewa ya zo yi."

Da Turanci ya faɗa, amma Turanci ne mai sauƙi, irin wanda ake ji kullum a kasuwa. Madam ta ce madalla, a ci gaba. Nan ne yatsansa ya sauka a kan gilashin wayar. Ya kashe wurin da ke sa kyamara neman mutane da kanta, ya danna kibiyar hagu ya riƙe. Kyamarar ta yi ɗan ƙara siriri tana juyawa. A talabijin aka ga tsohon yana zamewa gefe, rabin fuska, sai kafaɗa, sai hannun riga, sai babu. Ya jawo hoton kusa har ya zama daga shi sai gefen mayafin Raliya.

Abin da ya fi tsaya masa a rai daga baya shi ne, da hoton ya fara tafiya, mahaifinsa ya ɗan karkato jikinsa yana bin sa, a zatonsa shi ne ya zauna ba daidai ba. Ya karkato har ya kusa tashi daga kujerar. Sai idonsa ya sauka a kan yatsan ɗansa. Ya koma ya zauna sosai, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa.

Bayanin ya yi kyau, abin takaicin ke nan. Muryar Ɗanbaba ba ta yi rawa ba, ya amsa duk tambayoyin baƙin, har ɗaya daga cikinsu ya ce da ma irin waɗannan matasa ake samu a ko'ina. Duk tsawon lokacin yana jin mahaifinsa a gefen damansa kamar garwashi. Tsohon bai motsa ba, bai yi tari ba, bai taɓa ruwan da Raliya ta ajiye masa ba. Ya zauna yana kallon ɗansa a talabijin har aka yi sallama, gilashin ya yi baƙi.

Sannan ya miƙe. Ya ce lallai ya ga abin mamaki, Allah ya ƙara basira, Allah ya yi albarka. Ya tambayi Raliya lafiyar mahaifinta, ya ce lemon nan su sha. Ɗanbaba ya ce bari ya raka shi ya tsayar masa da okada, ya ce a'a, ya zauna ya yi aikinsa, ai gida ba nisa. Suka ji takunsa yana sauka, yana dafa bango.

Raliya ta koma kan kwamfutarta tana danne-danne, ba ta dubi Ɗanbaba ba. Ya cire kwat ɗin ya rataya, ya sake ɗaukowa ya ninke, ya rasa inda zai ajiye. Can ya tambaye ta, murya ƙasa, ko tana ganin Baba ya ji abin da ya ce.

"Yaya Zain, ai ba kurma ba ne," ta ce, ta ɗauki butarta ta fita alwala.

Ya ja lokaci a ofis ran nan, yana ƙirƙiro ayyukan da ba na gaggawa ba. Madam ta turo saƙon yabo, ya karanta ya kife wayar. Sai dab da magariba ya kama hanyar gida, ya bi ta layin masu canji ya ratsa ta wajen masu tsire, mutane na gaishe shi yana amsawa da ka.

A bakin masallacin layinsu dattawa na zaune a benci suna jiran kiran salla. Mahaifinsa na tsakiyarsu, har yanzu da shaddar a jikinsa. Ɗanbaba ya so ya sulale, amma Alhaji Manniru mai goro, aminin mahaifin nasa, ya hango shi ya yafito shi. Dole ya zo ya durƙusa ya gaishe su. Ashe labarinsa ake yi. Malam Dalhatu ya ba su labarin teburin Legas da tsawonsa, da matar da ke shugabantarsu, da yadda manyan mutane suka yi tsit suna sauraron yaron nan yana zuba Turanci, da 'yar wayar da yake taɓawa komai ya bi umarninsa. Alhaji Manniru ya tambaya ko shi ma sun gan shi daga can.

"Sun gan ni, har mun gaisa," in ji Malam Dalhatu. "Sai dai idon abin ƙarami ne, mai magana kaɗai yake iya ɗauka."

Dattawan suka gyaɗa kai, suka yi ta sa wa Ɗanbaba albarka, wani ya ce Sabo ta yi ɗa. Yana durƙushe, idonsa a kan takalman mahaifinsa, yana amsa amin da muryar da shi kansa ba ya ji. Da ladan ya ɗaga murya sai ya ji kamar an sake shi daga ɗauri.

A cikin gida ma bai tsira ba. Mahaifiyarsa Ashatu, wadda suke kira Inna, ta miƙo masa tuwo tana fara'a, ta ce ita ta matsa wa mai wanki ya goge rigar nan da safe, tsohon ya tsaya a kansa kamar ango. Ta tambaya ko rigar ta fito da kyau a talabijin ɗin. Ya ce ta fito. Ya ci loma kaɗan ya ce kansa ke ciwo.

Washegari aiki ya kai shi Shasha. Ya bi ta unguwar Ojoo cikin cunkoso, ya isa ya tarar motocin da ruwa ya tsare sun iso, kasuwa ta cika ta batse, ƙasa ta yi caɓi. Ya gama da dillalansa, ya sa aka fara lodi. Da ma in ya zo da rigar kamfani ba ya cika bi ta layin rumfar mahaifinsa, yakan ce sauri yake. Ran nan ya bi.

Ya same shi zaune a kan buhu cikin tsohuwar rigarsa ta kasuwa, an zube albasa a gabansa yana ware wadda ruwa ya taɓa. Ɗanbaba ya gaishe shi, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna ya sa hannu. Tsohon bai hana shi ba. Suka yi ta aiki, wannan ya matsa ya jefa hagu, wannan ya jefa dama. Ɗanbaba ya shirya magana tun a mota, amma da ya buɗe baki duk ta watse. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Baba, jiya ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Malam Dalhatu ya ɗauki wata albasa ya shinshina ya ajiye. Ya ce wurin aiki wurin aiki ne, shi ne ya faɗo musu ba sanarwa, kuma kowa ya san inda yake neman abincinsa da abin da wurin ke so. Bai ce da fushi ba. Sannan ya ƙara da cewa:

"Abu ɗaya dai, Ɗanbaba. Ni ban taɓa kai muku albasa ba, ko ƙwaya ɗaya. Da cewa ka yi tsohon ɗan dako ne, da ba ka yi ƙarya ba."

Ɗanbaba ya sunkuyar da kai. Idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora laifin a kan albasa. Tsohon ya ce ya yafe, duniya da lahira, ya tashi ya koma aikinsa kada a neme shi a rasa. Kafin ya samu abin cewa wata Bayarbiya mai sayen kaya ta tsaya da kwandonta tana kiran "Baba Alubosa", wato Baba mai albasa, Malam Dalhatu ya juya gare ta da fara'arsa ta kullum, suka shiga zolayar juna da Yarbanci. Ɗanbaba ya wanke hannu da ruwan leda ya tafi.

A taron da ya biyo baya ya ƙudurta zai gyara. Ya shiga da wuri, ya zauna yana kallon wayar tebur ɗin. Ya yi ta tunanin yadda za su kalle shi, da abin da Dayo zai mayar da zancen. Da Madam ta zauna ta ce a fara, sai ya buɗe murya ya ce yana da 'yar magana kafin nan. Ya ce dattijon da suka gani rannan ba mai kawo musu kaya ba ne, mahaifinsa ne, yana da rumfar albasa a Shasha, ya zo ne ya ga inda ɗansa ke aiki.

Madam Bisola ta dafe ƙirji.

"Babanka? Zain, me ya sa ba ka faɗa ba? Muka bar babba a zaune ba mu gaishe shi yadda ya kamata ba. Don Allah ka ba shi haƙuri, ka ce muna gaishe shi."

Dayo ma ya ɗaga hannu ya ce a gaida Baba, a ce masa hular nan tasa ta burge shi. Wani ya ce ai kamar tasu ɗaya, shi tun ranar ya so ya faɗa. Shi ke nan. Madam ta duba takardar gabanta ta tambayi Raliya labarin motar tumatir da ta lalace a hanyar Ogbomoso, taro ya ci gaba.

Ɗanbaba ya jingina da kujerarsa. Ya zo da shirin ɗaukar wulaƙanci, ya tarar babu ko ɗaya. Da sun yi dariya, da sun yatsina fuska, da ya samu abin da zai jingina laifinsa a kai. Ashe abin da ya ji tsoro bai kai tsawon gaisuwa ba. Raliya na bayanin mota, shi kuwa bai ji ko kalma ba, har sai da aka kira sunansa aka maimaita sannan ya farga ya amsa.

Da yamma ya samu mahaifinsa a zaure yana sauraron rediyo. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar, ya gaya masa ya faɗa musu gaskiya, kuma shugabarsu da sauran ma'aikata duk sun ce a gaishe shi, a ba shi haƙuri. Malam Dalhatu ya rage sautin rediyon ya saurara har ƙarshe. Ya ce yana amsawa, Allah ya saka musu da alheri, da ma daga ganin matar nan mutuniyar kirki ce.

Ɗanbaba ya ce in ya samu sarari ya sake zuwa, su gaisa sosai, ko ranar da babu baƙi. Tsohon ya ce to, in Allah ya yarda, sai dai yanzu kaya na ta sauka, rumfa ba ta baruwa.

Lokacin saukar kaya ya wuce, kasuwa ta lafa, bai zo ba. Ɗanbaba ya sake tuna masa, ya sake cewa in Allah ya yarda, ya kawo zancen rufin ɗakin Inna da ke yoyo, ya ce a nemo kafinta kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ɗanbaba ya ce zai nemo. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba.